Taƙi Ɗaya da Aka Yanke wa Kujerata

Ku da kuka dame ni da cewa in daina noƙe-noƙe in faɗi abin da ya faru ranar baje kolin aikinmu, to ga shi. Amma kafin ku fara yi wa Injiniya ruwan zagi a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku ji nawa laifin, don ina da shi, kuma ba ƙarami ba ne.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: ina shekarar ƙarshe a jami'a, sashen zanen kayan amfani. Mu ne ake koya wa yadda za a tsara kujera ko kabad ko fitila a takarda kafin kafinta ko maƙeri ya taɓa su. Bara sashenmu ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin kayan katako. Mu ɗalibai mu yi zane, su su ƙera samfur, wanda ya fi burge su su buga shi da yawa da sunan mai zanen a jiki. Ranar sa hannu an sha hotuna. Abin da mu ɗalibai muka gani na kamfanin kuwa ziyara ɗaya ce tak. Aka loda mu a bas, aka kifa wa kowa hular kwano, aka ce kada wanda ya ƙetare layin da aka ja a ƙasa. Minti arba'in muna leƙen injuna daga nesa, aka ba mu biro mai sunan kamfani, muka dawo. Sauran hulɗar duk ta waya ce da kwamfuta.

Ni kujerar mai jinya na zana. A zauna a kanta, in an ja ta ta miƙe ta zama gado. Wata uku Babanmu ya yi a asibiti kafin Allah ya karɓi abinsa, ni da Umma muna kwana kan kwali ko a takure cikin kujerar roba. Tsawon santimita ɗari da casa'in na ba gadon, kuma ba a littafi na tsinci lambar ba. Ni da ko gaisuwa nauyi take yi min, na bi ɗakunan asibiti da tef ɗina ina roƙon masu jinya in auna su. Mutum sittin da biyu na auna.

Injiniya shi ne kamfanin ya wakilta ya riƙa duba zanenmu. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ajinmu, kullum da fensir a bayan kunne ko da manyan kaya ya sa. Wata biyu da fara aikin ya bi ta hannun Gwaggo, yayar Babanmu, wadda suke unguwa ɗaya da mahaifiyarsa, ya ce yana so na. Tun ranar gidanmu ba a da wata hira.

Ranar baje kolin, ƙarfe bakwai bai yi ba Gwaggo ta faɗo ɗakina da leda a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa, ina sanye da doguwar rigata mai ruwan toka da nake zuwa aji da ita.

"Auta, wa ya mutu?"

"Ina kwana, Gwaggo."

"Ban kwana ba. Cire wannan tokar." Ta zazzage ledar kan gado. Riga ce koriya shar, an jera mata duwatsu masu ƙyalli tun daga wuya har ƙirji, da mayafinta da takalmi mai tsini. "Mahaifiyarsa fa tana iya zuwa."

"Gwaggo, jarrabawa ce fa."

"Duk jarrabawa ce. Wannan ma ta fi wuya, ba a maimaita ta."

Umma na bakin ƙofa da kofin shayina. Ta ce, "Yaya, ki bar ta ta sa abin da za ta sake a ciki."

"Sakewar ce ta kai ta shekara ashirin da huɗu a ɗakin nan. Yaro mai hankali, mai sana'a, ga shi a hannunsa aikin nata yake. Allah ya haɗa miki karatu da miji a kwano ɗaya, kina wani sunne kai."

Na sa koriyar rigar. Takalmin ne dai na ƙi, na ce yana cizo na. Ina ɗaura mayafi wayata ta yi ƙarar saƙo. Shi ne.

"Barka da safiya, sarauniyar masu shiru. Kujerarki ta kwana a zauren taro. Yau za ki yi alfahari da ni, don..."

A nan na tsaya. Ga ikirarina, kuma kada ku yi min dariya. Saƙonnin Injiniya dogaye ne kamar shi. Da na ga layin farko ya fara da irin su sarauniya, sai kunnuwana su ɗau zafi, in kifa wayar kamar wani na leƙe. Ba na iya karantawa har ƙarshe. Kuma don kada a ce na yi wulaƙanci, amsa ɗaya nake ba shi kullum. Ita na sake turawa: "To, na gode."

A zauren taro an jera ayyukanmu goma sha huɗu, kowanne da fostarsa a baya. Ƙawata, wadda duk ajinmu ke kira Rediyo don ba ta da maɓallin kashewa, ta tare ni tun daga ƙofa.

"Inna lillahi! Amarya, ina angon? Wannan duwatsun ai sai su kashe wa Farfesa ido. Zo ki ga abarki, wallahi ta fi ta kowa. Tawa fitilar kamar an taka gwangwani."

Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An goge katakon sumul, an sa mata katifa shuɗiya mai ɗinki a miƙe, ga sunana a ɗan ƙarfe a gefe. Shekara guda ina ganin ta a fuskar kwamfuta, yau ga ta ina shafawa. Na kama hannun na ja, ta miƙe ba ko ƙara.

Sai na ƙura mata ido. Idon da ya auna mutum sittin da biyu ba ya buƙatar a gaya masa. Na zaro tef daga jaka.

Ɗari da saba'in.

Na sake aunawa daga ɗaya gefen. Na juya tef ɗin ko shi ne ya lalace. Ɗari da saba'in. Santimita ashirin sun tafi, taƙi ɗaya cur.

"Lafiya?" in ji Rediyo. "Kin yi fari kamar an ce miki an soke hutu."

A baranda na same shi yana ba masu ɗauko kaya umarni. Farar riga ya sa, an goge ta har tana ɗaukar ido, fensirin nan na bayan kunne. Da ya hango ni fuskarsa ta washe. Tunda muka san juna ban taɓa fara yi masa magana ba sai ranar.

"Wa ya yanke min kujera?"

"Yankewa kuma? Gyara dai." Bai ma daina murmushi ba. "Kin ga, fallen katakon da muke saya girmansa ɗaya ne, ɗari biyu da arba'in da huɗu a tsaye, ɗari da ashirin da biyu a kwance. Da tsawon da kika ba ta, shimfiɗa biyu za su fito daga falle ɗaya, amma ragowar ba ta isa ƙafafu da hannuwa. Sai an ɓalle sabon falle a zubar da fiye da rabinsa. Da na rage taƙi ɗaya, komai ya shige, kujera biyu cif daga falle guda. Manaja ba ya ko kallon zanen da ke zubar da katako. Ceton ki na yi."

"Ba wanda ya taɓa gaya mana girman falle."

Murmushin ya ɗan ja baya. "Shekara huɗu?"

Shekara huɗu, jama'a. Mun haddace tarihin kujeru na ƙasashen da ba za mu taɓa zuwa ba, mun zana inuwar kofi har hannu ya ƙage, amma ba malamin da ya taɓa shigo da fallen katako aji ya ce ga abin da za a yanka aikinku daga ciki. Su kuma kamfanin da suka sani, sun ajiye mu a bayan layi da hular kwano.

"Ko da haka ne," na ce, "ai sai ka tambaye ni."

"Na tambaye ki mana."

Ya zaro waya, ya ja sama, ya ja sama, ya miƙo min. Saƙo ne na mako uku da suka wuce. Ya fara da cewa shiruna ya fi masa hirar mutum dubu. Ya bi ta kan yadda nake riƙe fensir, da yadda mahaifiyarsa ke tambaya ta. Layi goma sha tara. A can ƙasa, layin ƙarshe: "Af, na rage tsawon gadon da santimita ashirin saboda falle, ga sabon zanen na haɗo. In kin amince gobe mu yanka."

A ƙarƙashinsa, daga ni: "To, na gode."

Na so ƙasa ta tsage.

"Wa yake cusa maganar aiki a gindin... a gindin irin wannan?"

"Wanda ba a ɗaga masa waya," ya ce a hankali. Daga nan ya kalli wayar, ya kalle ni, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. "Ba kya karantawa ke nan. Duk cikinsu?"

Na tattare koriyar rigata na bar wurin.

Na nufi Dakta, malamin da ke duba aikina, yana gyara wa manyan baƙi kujeru. Na yi masa bayani a gurguje. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Ke, maki nawa aka ware wa tsawo? Fosta, bayani, kyawun gamawa. Shi ke nan. Ba mai kwanciya a kanta yau."

"Amma Dakta, a asibiti za a kwanta."

"Shekara uku muna bin kamfanin nan kafin su yarda su kalle mu. Akwai 'yan bayanku da ke jiran wannan damar. Taki ce ta fi kyau, kowa ya sani. Kada ki ɓata rawarki da tsalle. Ki yi murmushi, ki karanta abin da ke fostarki, ki zauna."

Ni ce ta tara. A teburin alƙalai akwai Farfesa shugaban sashe, da Dakta, da Manajan kamfanin, wani gajeren dattijo mai guntun yatsa ɗaya, an ce da kafinta ya fara. Injiniya na tsaye a bayansa, ya ƙi kallo na. Na karanta fostata kamar mai karanta takardar magani. Fostar ma ɗari da casa'in ta ce, ba wanda ya lura. Ban kai ƙarshe ba Manaja ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Wannan za mu ɗauka. Ɗari uku a zubin farko."

Zaure ya ɗau tafi. Rediyo ta yi wata ƙara da ta sa Farfesa ya waiwaya. Dakta ya yi min alama da ido in koma mazaunina. Na ci. Abin da kawai ya rage in ce na gode in sauka, kuma kun san na iya wannan.

Ɗari uku. Na ga ɗakuna ɗari uku, kowanne da wani a naɗe kamar tabarma, yana tsine wa wanda ya ƙera abin nan, ga sunana a gefe yana ƙyalli.

"Ranka ya daɗe," na ji bakina ya ce, "ina roƙon a gwada ta."

"A gwada?"

"A kwanta a kai."

Manaja ya yi dariya. "Ni?"

Daga cikin ɗalibai wata murya, kun san ko ta wace ce, ta ce, "Ai kai za ta yi maka har da canji!" Aka fashe da dariya, shi ma ya dara.

Na ce, "Injiniya nake roƙo."

Ya dube ni, na dubi duwatsun rigata. Manaja ya waiwaya ya ce, "To, bismilla mana." Ba yadda zai yi. Ya zagayo, ya cire fensirin daga kunne ya sa a aljihu, ya kwanta da farar rigarsa a gaban mutum fiye da ɗari. Kansa na kan matashi, ƙafafunsa tun daga ƙwauri suna lilo a iska, takalmansa masu sheƙi sun kalli jama'a.

Dariyar da aka yi ba ta yi min daɗi ba, wallahi. Ba ita na nema ba.

Daga kwancen ya ce, "Ni ai na fi kowa tsawo a nan."

"Haka ne. Amma cikin mutum sittin da biyu da na auna, fiye da rabi ba za su miƙe ƙafa a kanta ba in an sa matashi. Ɗari da casa'in na zana. Wannan ɗari da saba'in ce. An tambaye ni, na amsa ban karanta ba, wannan laifina ne. Amma ba ita ce kujerata ba."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban mutane ba.

Manaja bai yi dariya ba wannan karon. Ya taso, ya zaro nasa tef ɗin daga aljihu, tsoho duk lambobin sun koɗe, ya auna da kansa. Ya sa Injiniya ya yi masa bayanin falle a jimla biyu. Sai ya juya ga teburin.

"Farfesa, yaran nan sun taɓa ganin fallen katako kuwa?"

Farfesa ya gyara zama. "Yana cikin abubuwan da kwamiti ke dubawa."

"Uhm." Ya dawo gare ni. "Yarinya, kina da gaskiya. Shi ma yana da ita. Ba zan ɓalle falle in zubar da rabi ba, ko 'yata ce ta yi zanen. Na ba ki mako ɗaya. Fitar min da kujera biyu masu ɗari da casa'in daga falle ɗaya. In kin kasa, gajeriyar zan buga, kuma da sunanki, don haka yarjejeniyar ta ce."

Injiniya ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya fice ta ƙofar gefe. Dakta ya wuce ni a baranda kamar bai taɓa gani na ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Ban san ta ina ba, amma ina zargin gidan rediyon da kuka sani. Gwaggo na tsakiyar falo, mayafi a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba.

"Sannu, gwana! Sannu, mai tef! Watanni ana lallaɓa ki ki buɗe baki ki ce masa ko sannu, ashe tara maganar kike yi. Kin kwantar da ɗan mutane a gaban jama'a kamar mai jiran allura!"

"Gwaggo, kujerar ce ba ta..."

"Kujera! Kujerar za ki aura? Taƙi ɗaya! Mutum ya lanƙwashe ƙafa mana, wa ya mutu don ya lanƙwashe ƙafa? Yanzu da wane ido zan kalli uwarsa? Ɗauki wayar nan ki ba shi haƙuri, ina tsaye."

Na ce zan yi, na shige ɗaki. Ban yi ba. Na cire koriyar rigar na rataye, duwatsun sun bar min ja a wuya, na mayar da tokata. Na kwaso tsofaffin jaridun Baba daga saman kabad, na ture teburin falo gefe, na fara manna su da gam har suka kai girman falle. Gwaggo ta koma kicin tana ci gaba da faɗa da tukwane.

Sai da na gan shi shimfiɗe a ƙasa na gane ƙanƙantarsa. A kwamfuta fili ba ya ƙarewa, sai ka ja ka ƙara. Na yanka ƙafafu da hannuwan kujerar da kwali, na jera, na juya, na kifa, na cusa wannan a cikin wancan. Duk yadda na yi, ƙafa biyu na rage a hannuna ba wurin sa su. Tef ɗin ma sai zillewa yake, in na kama nan can ya nannaɗe.

Sai na ji an danne ɗaya bakin. Umma ce ta durƙusa, da gwiwar nan tata mai ciwo, ta sa babban yatsa a kan ƙarfen.

"Ja," ta ce.

"Umma, Gwaggo za ta..."

"Gwaggonki kwana biyu ta yi mana a asibitin, kuma a gadon da ba kowa ta kwana. Ja."

Muna haka, wajen la'asar, aka yi hon a ƙofar gida. Gwaggo ta leƙa ta taga, muryarta ta canza nan take kamar an zuba mata zuma.

"Ga shi nan! Allah sarki, ɗan halak, shi ne ma ya biyo ki. Tashi maza ki mayar da koriyar!"

Ban mayar ba. Na ja mayafi na fita da gam a yatsuna.

Bai shigo ba, bai kuma yi murmushi ba. Ya sauya farar rigar da ta aiki mai tabon mai. A saman motarsa an ɗaure fallen katako guda, sabo fil, ya fi rufin motar tsawo. Ya kwance igiyar shi kaɗai, ya sauke shi ya jingina da katangarmu. Maƙwabta har sun fara leƙe.

"Ba zance na zo ba," ya ce. "Kuma ba zan turo saƙo ba, na gane ba ya isa."

Na sunkuyar da kai.

"Kafin in yanke taƙin nan, sau goma sha ɗaya na jera shi, da hannu da kwamfuta. Bai fito ba. Shekara bakwai ina wannan aikin." Ya laluba aljihu ya miƙo min guntun alli. "Kin ce ba kujerarki ba ce. To ga falle. Nuna min taki."

Na karɓi allin. Ta taga Gwaggo na yi min alama in yi murmushi. Na tsaya gaban katakon da ya fi ni tsawo, shi yana gefe ya harɗe hannuwa yana jira, ni kuwa ko inda zan ɗora layin farko ban sani ba.